Kogin Da Ya Yi Ƙaura

Kogi ne ya kafa garin, kogin ne kuma ya kwashe shi. Shekara da shekaru ruwan yana zamewa gabas kaɗan-kaɗan, har wata damina ya yi zuciya ya fasa sabuwar hanya, ya bar tsohuwar gaɓa da yashi tsagwaro. Mutane suka bi shi gida-gida. Aka bar mai injin niƙa, da tsofaffi jefi-jefi, da Direban Ruwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsallakar da jama'a a kwalekwale har sunan ya manne masa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, idanunsa ma sun soma tafiya. Da ƙafa yake gane hanya yanzu. Ga kuma 'yarsa, ma'aikaciyar jinya a birni, ta iso da hantsi da jaka babu ko tsinke a ciki, ya kuwa san ta kwasar kayansa ce. In ta gano halin da idanunsa ke ciki, ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta tafi da shi. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

"Baba, wai me kake gadi a nan? Yashi?"

"Bakin nan naki dai bai canja ba. Sa takalminki."

Ya wuce gaba yana buga ƙafa kamar saurayi, don ta gani. Tsoho da taurin kai! Suka bi ta bayan makarantar da awaki suka gaje, suka gangara tsohon kwarin kogin.

"Nan gidajen farko suka sauka," in ji shi. "Ba niyyar zama suka yi ba, saniyarsu ce ta haihu, suka tsaya jiran ɗan maraƙi ya yi ƙwari. Daga nan har fadama gonaki ne. Arewa ƙasar ja ce, ba ta son komai sai gyaɗa. Kudu laka, sai ta cinye miki takalmi. A nan na tsamo mai injin niƙa yana yaro, har yau bai gode ba, ja'iri."

Ta yi dariya. Ransa ya yi sanyi, bakinsa ya ƙara buɗewa.

"To in na tafi, wa zai faɗi wannan? Wa zai ce iyakar garinmu tsaunin can ne?"

Ya miƙa hannu, ya nuna da ƙarfinsa.

Ya jira ta tsokane shi yadda ta saba, ba ta yi ba. Sai iska, sai ƙarar injin niƙa can nesa, daga ɓangaren da bai kamata a ce yana fitowa ba. Nan ya gane ba tsaunin yake nunawa ba. Wajen zuba labari ya juya bai sani ba, yashi kuwa duk ɗaya ne a ƙarƙashin ƙafa.

Hannun yana nan a miƙe, ya rasa yadda zai sauke shi. Ya ji ta matso, ta kama kafaɗunsa a hankali, ta juya shi yadda take juya majinyata.

"Ga shi nan, Baba," ta ce. "Ci gaba, ina jin ka. Faɗa min duka."

"Yanzu?"

"Yanzu. Motar sai la'asar."