Sanda a Gaba, Kakaki a Baya

Alhaji Mu'awiya Abbagana ya wakilci Nguru a majalisar jiha zango uku, a na ukun ne aka ɗora shi kujerar kakaki. Da ya ji 'yan majalisa goma sha shida sun sa hannu a takardar tsige shi, sai ya sa aka kai sandar majalisa gidansa na Nguru, domin zaman da babu sanda a kan tebur hira ce kawai, ba ya tsige kowa. Cikin kwana tara ya janyo huɗu daga cikinsu, ya kira zama ranar Talata.

Da za a kama hanyar mayar da sandar majalisa, Bubayero, tsohon soja mai ɗaukarta, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɓoye ta cikin motar kaya, ta biyo mu daga baya."

Kakaki ya dube shi sheƙeƙe. "Kakaki biyar suka gabace ni, babu wanda sanda ta bi bayansa. Ita ke gaba, ni ina biye. Haka muka tarar."

Haka kuwa aka jera, motar sanda a gaba, ta kakaki a baya. Da hantsi, suna fita Gashuwa, suka iske an gicciya itace a bakin gada. Samari kamar ashirin suka fito daga gonar shinkafa da adduna da gorori. Ko kallon motar kakaki ba su yi ba, ta gaba suka afka wa. Suka farfasa gilashi, suka finciko Bubayero. Ya faɗi rub da ciki a kan sandar, ya ƙanƙame ta. Gora ta sauka a haƙarƙarinsa, adda ta tsaga masa kafaɗa, jini ya malala a kwalta, bai saki ba.

Alhaji Mu'awiya ya fito ba hula. Nan take ya gane jagoransu: Mudi ne, wanda ya tsare masa akwatunan ƙuri'a a zaɓe biyu.

"Mudi! Ni za ka tare?"

"A'a, Baba Onarabul, kai wuce abinka. Mun ma gode, ka hutar da mu binciken motoci." Ya aza adda a wuyan hannun Bubayero. "Ka ce wa tsohon nan ya saki, ko mu tafi da ita har da hannun."

"Kada ka ce, ranka ya daɗe," in ji Bubayero, bakinsa cike da jini.

Kakaki ya san inda sandar za ta kafin la'asar, ya san kuma abin da masu son tsige shi za su yi da ita. Ya durƙusa a cikin jinin, ya ɓamɓare yatsun Bubayero ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Mudi ita da hannu biyu.

A barandar asibiti ya ji sanarwar tsige shi a rediyon maigadi. 'Yan rakiyarsa suka sulale ɗaya-ɗaya. Can wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Ana bukatar jini. Wa ya kawo mai raunin nan?"

Alhaji Mu'awiya ya miƙe, ya naɗe hannun riga.