Dankali Ba Maraƙi Ba Ne

Clarrie Febey ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana tatsar shanu a bayan garin Smithton, kuma a ganinsa duk abin da ba ya ba da madara, ba ya ba da nama, ba ya kora garke, to ba dabba ba ne, asarar ciyawa ce kawai. Shi ya sa ranar da jikarsa Saskia ta sauke kejin ɓerayen Masar ɗinta a barandarsu, ya tsaya hannu cikin aljihu yana kallon su sheƙeƙe.

"Waɗannan ne za a ba ni kiwo? Ni da na riƙe shanu ɗari biyu?"

"Ai shi ya sa na zaɓe ka, Kaka," in ji yarinyar. Shekararta tara, amma bakinta ya girme ta. "Farin nan Biskit, mai ƙibar nan Dankali. Da kaɗan ya fi ka tumbi."

"Ji 'yar nema! Ki dawo ki tarar na soye su."

"Ka soya mana, in haƙoranka za su iya."

Hutu aka yi, ita da uwarta za su Melbourne. Ta ja masa kunne sosai: busasshiyar ciyawa, ruwa, sai ɗan yankin tattasai da yamma. Da za ta shiga mota ta dawo da gudu ta raɗa masa, "Kai na ba amana, ba Kaka Noreen ba. Ita mantuwa gare ta." Clarrie ya yi tsaki, amma daɗin maganar nan ya wuni da shi.

Watan Oktoba ne, ciyawa ta yi kore shar, tana tsawo kamar ana jan ta. Ya yanke ta ƙofar gida da inji, ya zo wucewa da buhun cike, sai ya ga bayin Allah suna tuƙar busasshiyar ciyawa kamar fursunoni. Tausayi ya kama shi, ko da yake ko za a yanka shi ba zai yarda tausayi ba ne. Ya juye musu rabin buhun, jiƙaƙƙiya, har ta fara ɗumi. Biskit ya ɗan taɓa ya bari. Dankali kuwa ya shige ciki gaba ɗaya, sai ƙeyarsa ake gani.

Washegari da safe Dankali bai fito ba. Yana can lungu a takure, gashi a tashe, ido a lumshe, bayansa jagab da gudawa. Warin kaɗai ya ishi Clarrie bayani. Ya shaƙi wannan warin a ɗakin maruƙa tun yana yaro.

"Zawo ne," ya ce wa matarsa Noreen.

"To ka kira Bronwyn mana."

"In kira likitan shanu saboda ɓera? So kike a yi shekara ana mini dariya a kasuwar shanu?"

"Dariyar ai ba ta kisa, tsoho."

"Na warkar da maruƙan da suka fi gashin kanki yawa. Ba ni sikelinki na fulawa."

Ba da ganganci ya yi ba, wannan kam a faɗa masa gaskiyarsa. Ya auna Dankali a sikelin kicin, ya sa tabarau, ya rage adadin maganin daidai nauyinsa. Ya je rumbu ya buɗe tsohon firjin da yake ajiye maganin 'yan maruƙan da ya rage wa kansa bayan ya sayar da garke, ya ɗauko fenisilin. Ya tsira masa ɗigo ɗaya a fatar wuya. Da yamma Saskia ta bugo waya, ya ce mata lafiyarsu ƙalau, sai ci kamar gara.

Kamar abin zai yi sauƙi, har Clarrie ya fara yi wa Noreen kallon ai-na-faɗa-miki. Sai gudawar ta dawo da ƙarfinta, ruwa tsantsa. Dankali ya daina ci, ya daina sha, ya daina ko ɗaga kai in an buɗe keji. Da Clarrie ya ɗauke shi, sanyin jikinsa ya ratsa masa tafin hannu. Ya juye takalman Noreen daga kwalinsu, ya shimfiɗa tawul, ya ɗauki makullin a-kori-kura.

Bronwyn Saward ta daɗe tana shiga garkensa cikin ruwa da taɓo. Da ta gan shi rungume da kwalin takalmi ta fara dariya.

"Clarrie, sanuwar taka ta motse ne?"

Ta ɗaga murfin, dariyar ta tsaya. Ta ja fatar wuyan Dankali, fatar ta tsaya a yadda aka ja ta. Ta tambayi abin da ya ci, ya faɗa. Ta girgiza kai, ta ce ciyawar inji tana ruɓa da wuri, tana ɓata musu ciki, amma wannan da sauƙi.

"Ka ba shi wani abu?"

"Fenisilin. Ɗan kaɗan. Sai da na auna shi."

Ta ja tawul ɗin ta rufe Dankali a hankali.

"Ba yawan ba ne, Clarrie, maganin ne. Waɗannan ba maruƙa ba ne. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjinsu, da su suke narka ciyawa. Fenisilin kashe su yake yi, sai miyagun su samu fili, su zuba masa guba."

"Kina nufin ni na..."

"Ba kai ne manomi na farko da ya yi haka ba."

Wannan bai rage masa komai ba. Ta yi wa Dankali allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba shi maganin rage ciwo, ta haɗa wa Clarrie garin ciyawa da zai riƙa damawa yana ɗura masa da sirinji kaɗan-kaɗan. Ta ce ya raba shi da ɗan uwansa, ya riƙa goge masa baya da ruwan ɗumi, kada ya bar shi ya yi sanyi. Sannan ta ƙara da cewa masu kiwon su suna yin wani abu: a samo kashin mai lafiyar da ɗuminsa, a dama, a ba mara lafiyar.

"Kamar yadda ake ba saniya tuƙar 'yar uwarta," in ji Clarrie.

"Haka. Amma ba na yi maka alkawari ba. Da wuya ya tashi."

To, sai ga Clarrie Febey, mai gwiwar ƙarfe guda, durƙushe a baranda da cokalin shayi, yana gadin gindin Biskit. Biskit kuwa da ya ga an zuba masa ido, sai ya ƙi. Noreen ta leƙo da kofin shayi da gasasshen burodi.

"In ɗauki hoto in kai kasuwar shanu?"

"Ki rufa mini asiri, Noreen."

Ta ji muryarsa, ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ta cika kwalba da ruwan ɗumi, ta zura ta cikin safarsa ta ulu, ta ajiye a kwalin.

Ya yi jinya kamar yadda bai taɓa yi wa maraƙi ba. Yakan naɗe Dankali a tawul, ya ɗora shi a cinya, ya zura bakin sirinji ta gefen haƙora, ya jira ya ga ɗan bakin ya motsa kafin ya ƙara. Rabi yana shiga, rabi yana gangarowa kan wandonsa. Ya daina kallon ƙwallo. Yana ɗura masa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, "Haɗiye mana, abokina. Kar ka ba ni kunya." In waya ta yi ƙara da yamma, sai ya ce da Noreen ta ce yana wurin maruƙa. Sau ɗaya Dankali ya lashi sirinjin da kansa, Clarrie ya ƙwala wa Noreen kira har ta zubar da tukunya.

Da safen ranar da Saskia da uwarta za su dawo, Clarrie ya sa shi cikin rigarsa, a ƙirji, saboda kwalbar ba ta ƙara ɗumama shi. Yana zaune a rana yana jin ɗan numfashin a fatarsa, har ya zo bai ji ba. Ya daɗe bai motsa ba. Mutumin da ya ja matattun shanu da tarakta ya koma ya ci abincin rana, yau ga shi hawaye na bin gemunsa.

Noreen ta dafa kafaɗarsa. "Ka ce mata ciwo ne ya kashe shi. Ai ba ƙarya ka yi ba."

"Ni ta ba amana," ya ce.

Motar na tsayawa Saskia ta fito da gudu, ta wuce su ta nufi keji. Ta ga Biskit shi kaɗai. Ta waiwayo ta ga kwalin a hannun kakanta.

Ya zauna a matakala don idonsu ya zo daidai. Ya faɗa mata duka, bai rage ba: ciyawar injin, da allurar, da ƙin kiran likita da wuri, da wayar da ya ce mata lafiyarsu ƙalau. "Ni na yi, Saskia. Na ɗauka na sani, ashe ban sani ba."

Ya so ta yi ihu, ta dake shi, ta ce ba ta ƙara zuwa gidan nan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓi kwalin ba tare da ta kalle shi ba, ta ce da Noreen, "Kaka, ina shebur?"

Ta zaɓi gindin bishiyar tuffa. Clarrie ya miƙa hannu zai karɓi shebur ɗin, ta janye. Ya koma gefe ya tsaya, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Shebur ɗin ya fi ta tsawo. Tana taka shi da ƙafa biyu yana zamewa, tana kuka, tana share hanci da hannun riga, tana sake takawa. Uwarta ta yunƙura za ta je, Noreen ta riƙe ta. Ramin ya ɗan yi zurfi, sai shebur ɗin ya ci karo da wani abu. Ta buga, ta sake bugawa, ya ƙi.

Ta tsaya tana haki, bayanta gare shi.

"Kaka," ta ce, "akwai saiwa a nan. Zo ka sare mini."