Asabe Ba Ta Lallashi

Tun da aka binne matarsa Asabe a ƙauye, Baba Nicholas ya dawo gidansa na Narayi ya kame bakinsa. Mutumin da a da ba a raba shi da hira, yanzu daga "to" sai "a'a". Ko coci ya daina zuwa.

Abin ya dami 'yarsa Miriam. Wata abokiyar aikinta ta nuna mata manhajar da ake ɗora wa saƙonnin muryar mamaci, sai ta riƙa magana kamar shi. Miriam ta daɗe tana jan ƙafa, gani take kamar tashin wanda Allah ya kwantar ne. Daga baya dai ta ɗora saƙonnin mahaifiyarta.

Wata Lahadi da rana ta ajiye wayar a gabansa. Murya ta fito, ta Asabe sak, tana tambayarsa ko ya ci abinci, tana cewa ya kwantar da hankalinsa, ya huta, kada ya damu da komai.

Tsohon ya ƙura wa wayar ido. Miriam ta kai hannu za ta kashe, ya hana ta. Sai da ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Muryar tata ce, amma wannan ba uwarki ba ce. Asabe ba ta lallashi. Da ita ce, cewa za ta yi in tashi in aske gemun nan kafin a ɗauka ba ni da kowa."

Miriam ta yi dariya, hawaye na zuba. Shi kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin ranar da aka rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri, yadda Asabe ta hana shi zaman gida, ta tasa shi gaba har wurin wani mai gyaran keken ɗinki ya koyi sana'a. Ashe kuma in ya fita, madafa take shiga ta yi kukanta. Maƙwabciya ce ta tsegunta masa. Miriam ba ta taɓa jin wannan ba.

Da ya gama, ya roƙe ta kada ta sake kunna masa muryar, ya ce sau ɗayan nan ya wadatar. Ya dafa kanta ya sa mata albarka.

Da yamma ya sa ta jawo akwatin Asabe, suka zauna a tabarma suna ware zannuwan da za a kai wa ƙannen marigayiyar a Zonkwa.