Hoton Sarkin Ruwan Gangare

Gora ta farko a kan firinta ta sauka, ta biyu a goshin Yaya Haris. Bushira ta ga yayan nata ya dafa tebur, ya sulale ƙasa, jini na bin gefen hancinsa. Masuntan Gangare sun cika shagonsu na buga takardu da ke bakin kasuwar Hadejia, ƙafafunsu duk busasshen taɓo.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Umara, dattijon da ya jagorance su. Ya cusa mata wayarsa a fuska.

Shafin intanet ɗin da ta haɗa wa kwamitin sulhu ne. Ƙauyuka biyu a bayan Auyo, Tudu da Gangare, sun daɗe suna sare-sare a kan tafki ɗaya. Bana aka sasanta su, aka yarda su riƙa kamun kifi tare, kuma ko'ina aka zauna, sarakunan ruwan biyu kafaɗa da kafaɗa. Haka ta jera hotunansu a kwamfuta. Ba ta taɓa buɗe shafin a waya ba. A ƙaramin allon waya sai wuri ya ƙare, hoton Sarkin Ruwan Gangare ya faɗo ƙasa, rawaninsa daidai ƙarƙashin takalmin na Tudu.

"Baba, ni ce," ta ce. "Ba da gangan ba ne. Wayar ce ta…"

"Wayar ce ta zaɓi wanda za a taka?" Wani saurayi ya yi ƙwallo da kujera, ta fasa gilashin ƙofa. "Jiya 'yan Tudu har kiɗa suka yi mana da hoton nan a bakin ruwa. Ƙanena na kwance, an karya masa hannu!"

Haris ya yunƙura zai tashi, aka danne masa wuya da gora.

"Zauna," Umara ya ce mata. "Ki ɗora namu a sama, yanzu, ina kallo. In ba haka ba, yayanki ya rasa haƙoransa."

Ta zauna. Ta laluba wani kati nata mai leda, wanda aka taƙaita dokokin CSS na tsara shafin intanet a kansa. Tun tana jami'a take dubawa in ta manta yadda ake canza launi ko jera hotuna. A ƙasa ta same shi kusa da Haris, ta goge jinin da ya ɗiga masa da gefen hijabinta.

Yatsanta ya bi sashen jeri. Ga kalmar da ke juya sama ta koma ƙasa. Ita kaɗai za ta rubuta su saki Haris. Gobe kuma baburan Tudu su tsaya a ƙofar nan, ko su wuce kai tsaye bakin tafki da adduna. Ta gangara layi na gaba, wanda ke hana hoto faɗowa komai ƙanƙantar allo. Ta kwafe shi harafi harafi, ta rage faɗin kowane hoto zuwa rabi.

"Baba, sake buɗewa."

Umara ya matse ido. Sarakunan biyu sun tsaya gefe da gefe, kowanne bai fi babban yatsa ba.

"Na ce a sama."

"Yadda suka zauna ranar sulhu ke nan. Kai ma kana wurin."

"Namu ya ƙanƙance."

"Duka biyun sun ƙanƙance, Baba."

Saurayin ya ɗaga gora. Umara ya riƙe ta da hannu ɗaya, idonsa na kan wayar. Ya daɗe a haka. Sannan ya tofar da yawu a bakin ƙofa ya fita, sauran suka bi shi suna taka fasasshen gilashi.

A cikin Keke Napep, hanyar asibiti, kan Haris na bisa cinyarta, wayarta ta yi ƙara.

"Malama Bushira? Kolo ne, daga Tudu. Mun ga an taɓa shafin. Shin wa ya ce a ba na Gangare hannun dama?"

Ta zaro katin daga jaka, ta duba gabansa, ta juya bayansa. Babu layin da ke sa mutum biyu duka a dama.

"Kina ji na?" in ji Kolo. A bayan muryarsa ana tayar da babura.