Takalman Baban Sun-hwa

"Bayan mutum ne fa, ba katifa ba," in ji tsoho Pyo, fuskarsa kife a kan matashi.

"Ja numfashi ka yi mini shiru, Baban Sun-hwa. Da katifa ce da tuni ƙurar ta fita," in ji maƙwabciyarsa Ok-bun.

Ok-bun ta ci gaba da bubbuga masa baya, tafukanta a lanƙwashe kamar mai ɗiban ruwa. Shekara shida ta yi wa mijinta haka, kafin ƙurar ramin kwal ta ƙarasa shi. Da matar Pyo ta rasu, ba wanda ya roƙe ta, da kanta ta fara zuwa tana buga masa. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma tana jin tarin.

Kullum da hantsi sai ta buga, ya yi tari, ya tofa a wani kofi mai layuka, ita kuma ta rubuta a jikin kalanda layin da majinar ta kai. A makon nan ta sauko daga layi huɗu zuwa ɗaya.

Nas ɗin da ke zuwa ranar Alhamis, sabuwar zuwa garin Taebaek, ta duba kalandar ta yi tafi. "Kaka, ƙirji na washewa!" Nan take ta kira 'yarsa Sun-hwa a Seoul, ta ce ba gaggawa, ta bari sai bikin girbi.

 A da in Ok-bun ta buga, bayan kan amsa kamar ganga. Yanzu sai ka ce buhun shinkafar da ruwa ya jiƙa. Majinar ba ta ƙare ba, ƙarfin fito da ita ne ya ƙare. Ta san wannan sautin. Kwana tara kawai mijinta ya ƙara a duniya bayan ta ji shi.

"Na san hannunki ya ji," in ji Pyo bayan fitar nas. "Ki bar zancen a nan. Asibitin can, wa ya taɓa dawowa da ƙafarsa?"

"Sun-hwa fa?"

"Ta zo ta ga me?"

Kwana biyu tana bugawa, tana rubuta ɗaya. A na uku ta ɗauki waya ta kira Sun-hwa.

Sun-hwa ta iso da azahar, motar asibiti na biye da ita. Da aka fito da Pyo a kan gadon ɗauka, ya juyo da kai da ƙyar ya dubi Ok-bun.

"Ashe kina da baki, Maman Yong-tae."

Bai sake kallonta ba.

Da motar ta sha kwana, Ok-bun ta ga takalmansa a bakin ƙofa, suna fuskantar titi. Ta durƙusa ta juya su suka kalli ɗaki, yadda matan unguwar kan yi in mazansu sun tafi rami, don su dawo.

A kwana na tara Pyo ya cika, hannunsa cikin na 'yarsa.

Har yau in hantsi ya yi, Ok-bun kan tsinci tafukanta a lanƙwashe a kan cinya. Bangon shiru. Takalman na nan yadda ta bar su, ganyen kaka ya taru a cikin na hagu.