Kwanakin Ƙarshe na Sherif

Balki, mutuniyar Maraɗi mai shagon ɗinki a unguwar Satwa can ƙasar Larabawa, tana kan keke aka bugo mata cewa ƙanenta Idris ya rasu a Amurka. Direban babbar mota ne, ya kife a wata hanyar ƙauye. Mai ba da labarin ya ƙara da abin da ya fi mutuwar ciwo: a yankin nan, gawar da ta kwana goma ba mai ita, ƙone ta ake yi.

Balki ta yi abin da duk ɗan Nijar zai yi, ta nemi na sama. Kwana huɗu tana buga waya babban birnin Amurka, ana miƙa ta daga ofis zuwa ofis kamar kwanon aro. A ganinta in babba ya yi tari, ƙarami sai ya miƙe.

Zakiya, 'yar Zangon Kumasi mai aiki a otal, ita ce mai Turancin gidansu. Ta karɓi wayar ta bi diddigi.

"Yaya Balki, hanya muka ɓata. 'Yan sandan birni iyakarsu bakin gari. Inda ya faɗi yankin sherif ne, shugaban 'yan sandan karkara, gawar ma tana hannunsa."

"To wa ke samansa? Prefe? Gwamna?"

"Ba mai ba shi oda. Mutanen yankin ke zaɓensa, shekara huɗu, khalas, shi ke nan."

Da suka sami sherif ɗin a waya, dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce ya faɗi zaɓe, ranar Litinin wa'adinsa ke cika. Balki ta fid da rai. Ta san mai sauka daga kujera, kayansa kawai yake tattarawa. Sai ga shi yana tambaya: yaya kuke binne naku? Zakiya ta zayyana masa wanka, likkafani, salla, alƙibla, suna jin ƙarar takarda yana rubutawa.

Masallaci mafi kusa tafiyar awa biyu ne, can inda ikonsa bai kai ba. Bawan Allahn nan ya tuɓe kaki, ya shiga motarsa ta gida, ya je ya ƙwanƙwasa wa liman ƙofa kamar kowa.

Ranar Asabar dab da magariba wayar ta yi ƙara, can safiya ce. Sherif ne, ya ce su saurara. Iska, sannan kabbara. Balki ta zauna dirshan cikin ƙyallaye tana ƙirgawa da yatsa har huɗu, aka yi sallama. Kuka take, amma na godiya.

Jim kaɗan ya sake bugowa, Zakiya na fassarawa. Mutum uku kaɗai suka samu zuwa, makara kuwa sai da huɗu, shi ne ya kama gefe ɗaya. Yana fatan bai saɓa wa addininsu ba.

Balki ta share fuska da bakin mayafi.

"Ki gaya masa," ta ce, "a wurinmu ɗan'uwa ne ke kama wannan gefen."