Ɗan Farin Iya Zai Koma Kwaleji

Madam Deborah ta sauka daga kabu-kabu a Rawayya, takalminta mai tsini ya nutse cikin taɓo. Bara aka kawo ta Gusau daga Binuwai, aka damƙa mata aikin bin sawun ɗaliban da suka daina zuwa kwaleji. Tun saukar damina ɗaya daga cikinsu, Mahadi, ya ɓace, ga jarabawa ranar Litinin. In bai zauna ba, sunansa ya fita ke nan.

Ta tarar da wata dattijuwa tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Suka gaisa.

"Iya, ke ce mahaifiyar Mahadi?"

Iya ta dubi kajinta. "Wa?"

"Mahadi mana. Yaro mai ƙoƙari, malamai duk suna yabonsa."

Sai Iya ta miƙe ta tafi ba awaki dusa, kamar an ce mata ana yabon ɗan maƙwabta.

Ran Deborah ya ɓaci ƙwarai. Dama ta zo da lacca a ciki, wadda ta koyo a taron bita, sai ta bi Iya har turke tana zuba ta: muhimmancin iyaye, goyon baya, makomar matasa. Awakin dai sun saurara.

Wata mata ta leƙo daga madafa tana dariya har da riƙe ciki. Zuwaira ce, ƙanwar mahaifin Mahadi.

"Madam, ki hutar da bakinki. Ɗan farinta ne. A nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya ana yabonsa a gabanta. Kunya ce, ba ƙi ba."

Deborah ta ji kamar ta shige buhun gyaɗar. "To me ya hana shi komawa?"

"Ubansa ke fama da ciwon baya, ciyawa ta ci gona. Shi yana jira uwarsa ta ce tafi, ita kuma ba ta iya faɗa masa. Haka suke ta kewaye juna."

Ana cikin haka Mahadi ya yi sallama, fartanya a kafaɗa. Da ya ga Madam ya daskare.

Iya ba ta juyo ba. "Zuwaira," ta ce, "ki gaya wa mutumin can, gonar nan ta girme shi. Zan aika Kwatarkwashi 'yan'uwana su zo gayya. Ya aje fartanyar mutane ya bi baƙuwa. In kuma ya faɗi jarabawar, kada ya ce ni ce."

Zuwaira ta juya ta maimaita masa tiryan-tiryan, alhali yana tsaye kusa da Iya.

A bakin titi suna jiran motar Gusau, Deborah ta ga yana goge ido da hannun riga.

"Faɗan ne ya yi maka zafi?"

"A'a, Madam," in ji Mahadi. "Tun da aka haife ni ba ta taɓa yi mini doguwar magana irin ta yau ba."